Kawu da Tsuntsayen Kan Dutse

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu kuma ya riga mu. Ya rasu ranar wata Talata da hantsi a asibiti, nan Landan, bayan ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ranar da na sauka garin nan da akwati ɗaya da takalmin da bai san sanyi ba. Ina rubuta wannan ne don kada a manta shi, don kuma in amsa tambayar da ake ta yi a bayan idona.

A flat ɗinsa na Deptford aka yi zaman makoki. Takalma suka cika matakala har maƙwabta suka riƙa tsallakewa suna ba mu haƙuri. Wata mata 'yar Gana mai sayar da manja da busasshen kifi ta rufe shagonta ta zo, ta kama hannun Inna, matar Kawu, tana ta cewa da Hausarsu ta zango, "Mma, ka yi hankuri, ka yi hankuri," alhali ita ce ta fi kowa kuka. Wani tsohon likita da ake ji da shi a cikinmu ya shigo da wata tsohuwar rigar sanyi a leda, ya zauna ya rungume ta a cinya har ya tashi. Wani baƙin mutum ɗan Jamaika, abokin aikin Kawu, da ya ga mun ɗaga hannu muna addu'a sai shi ma ya ɗaga nasa, ya shafa tare da mu.

Sai ga wata Hajiya daga cikin masu gidaje a unguwannin manya, waɗanda ke zuwa hutu su koma. Tun daga matakala turarenta ya yi sallama. Ta yi ta'aziyya yadda ya kamata, ta zauna, sannan ta karkata wajen ta kusa da ita, ta rage murya daidai yadda zan ji.

"Ashe nan aka binne shi? Ba cewa ya yi a kai shi gida ba? In hali ne ya gagara, ai da an yi magana."

Ina riƙe da farantin shayi a lokacin. Wallahi ban san yadda aka yi ya isa tebur lafiya ba. Amma ban ga laifinta duka ba, domin babu Bahaushen Landan da ya taɓa zama da Kawu bai ji wannan wasiyyar ba. Ya faɗa wa manya, ya faɗa wa yara, ya faɗa a masallaci da gidan suna: idan ya mutu, a kai shi tsaunin Mambila a kwantar da shi a bakin kurmin ƙauyensu. Ni kuwa ba ji kawai na yi ba, hannuna ya riƙe na yi masa alkawari. Ga shi kuma yana kwance a wata maƙabarta a bayan garin Landan.

Bari in fara da mutumin tukuna.

Kakanmu falke ne na goro da kanwa, ya hau dutsen nan na jihar Taraba da jakuna, ya ga wuri ya yi masa, ya ƙi saukowa. Can aka haifi Kawu, can aka haifi mahaifiyata da ƙaninsu, wanda muke kira Kawu Ƙarami. Ita aure ya kai ta Kano, a can aka haife ni, don haka ban taɓa taka dutsen ba, a bakin Kawu na san shi. Shi karatun akanta ya kawo shi Landan yana saurayi. Karatun ya ƙi, ya kama tuƙin bas, ya yi ta yi har gemunsa ya yi fari fat. Bai taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Idan aka gabatar da likita da lauya a taro aka zo kansa, sai ya ce shi ne mai kai su wurin aiki.

Bai yarda a yi kukan sanyi a gabansa ba. Ka ce masa yau gari ya yi sanyi, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce wannan ai ƙanin na gidansu ne, can hazo kan shigo ɗaki ya zauna da kai kamar baƙo. Duk da haka yana da wata babbar jaka a bayan ƙofa cike da rigunan sanyi da yake tsinta a kasuwa. Da ya ji ɗan wani zai sauka daga gida, ko bai san iyayensa ba, sai ya ɗauki ɗaya ya nufi filin jirgi. Yana miƙa wa mutum yana cewa, "Sanyi ba ya kisa, kaɗaici ke kisa. Ga lambata." Irin wannan rigar ce likita ya rungume ranar makoki.

Shekarar da na faɗi jarrabawar aikin jinya, na kwana biyu ina kuka a ɗaki, na ce ni Kano zan koma. Kawu bai lallashe ni ba, ba ya cikin masu lallashi. Ya ce in sa riga in biyo shi aiki. Da muka isa ya nuna mini matakalar bas ya ce in hau sama in zauna a kujerar gaba. Haka na wuni, muna ratsa unguwar Aldwych muna dawowa, ina kallon kawunan ɗalibai da ma'aikata da masu layin gidan wasan kwaikwayo. Da yamma ya tambaye ni ko na ga yadda komai ke ƙanƙancewa idan mutum ya hau sama. Na ce na gani. Ya ce to in je in sake jarrabawar, in daina cika masa gida da majina.

Sai maganar tsuntsaye. Kai, mun sha ta har mun ƙoshi.

A gefen ƙauyensu, inji shi, akwai wani kwari mai zurfi da kurmi ya cika shi, rafi na gudu a ƙasa, itatuwa sun haɗe sama har rana ba ta ratsawa. Can ake aikensu yin itace suna yara. A cikin kurmin akwai waɗansu 'yan tsuntsaye da ba su kai gwara girma ba, launin toka mai duhu, cikinsu fari, ga ɗan tukku a ka. Ba sa cin hatsi, ƙwari suke kamawa, kuma a iska suke cafke su. Ba sa zama wuri ɗaya: su yi nan su yi can a kan reshe, su saki fukafukai, su baza jela kamar mafici, ƙwaro na tashi sun bi shi. Bai san musu suna ba, shi dai 'yan baza-jela yake ce musu. Idan labari ya yi daɗi sai ya miƙe, tsoho da shi, ya kai hannu baya ya ware yatsu yana juyi a tsakar falo. Inna ta ce, "Malam, a gaban yara?" Ya ce ai yaran ne ba su taɓa gani ba.

Abin da ya fi burge shi da su, ba sa saukowa. Ya ce ko fari aka yi, ko ruwa ya yi yawa, ba za ka taɓa ganin ɗayansu a ƙasan dutse ba, zafin ƙasa ba nasu ba ne. Yakan faɗi haka yana dariya, amma ni da na zauna da shi na san ba dariya ba ce duka. Wata rana ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya nemo hoton irin tsuntsun a waya har da wani dogon suna na masana. Yaya a nan aka haife shi, yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake mayarwa. Kawu ya sa tabarau ya duba ya duba, ya ce e, sun yi kama, sai dai wannan ya tsaya cak kamar gawa. Sunan kuwa ko tambaya bai yi ba.

Ranar Sallah idan mun fito daga masallacin Regent's Park, kowa na sauri ya je ya ci tuwo, shi sai ya ja mu cikin lambun da ke gefen masallacin mu tsaya kallon tsuntsaye, don kawai ya kushe su. Tantabarun Landan ya ce ƙiba ta hana su tunani. Agwagi ya ce ma'aikatan gwamnati ne. Wani ɗan ƙarami mai jan ƙirji kaɗai ya taɓa yaba wa, ya ce wannan yana ƙoƙari, da ya sami tarbiyyar kurmi da ya zama wani abu.

Faɗanmu da shi ma a kan tsuntsu ne. Da ya yi ritaya na ga zaman gida na cinsa, sai na sayo masa kanari a keji, ɗan rawaya mai daɗin murya. Na hau matakala ina murna, na ajiye a gabansa. Fuskar nan ta haɗe kamar hadari.

"Wa ya ce miki ina son tsuntsu?"

Na ce, "Kawu, shekara nawa kana ba mu labarinsu?"

"Labarin waɗanda ke gidansu nake ba ku. Wannan me ya yi miki? Ko don kin ga ni a keji sai ki kawo mini abokin zama?"

Ya sa na mayar da shi a ranar, ya kuma yi mako ba ya cin abincin da na dafa. Har gobe ina nan a kan bakana, rashin godiya ne, kuma na gaya masa. Bai ba ni haƙuri ba, Kawu bai san hanyar wannan kalmar ba. Na dai dawo daga aiki wata rana na tarar da ƙunshin kilishi rataye a mariƙin ƙofata, shi ke nan aka wuce wurin.

Kowace Juma'a, idan ya dawo daga masallaci, sai ya zauna a kujerarsa ya kira Kawu Ƙarami can kan dutse. A gaisa, a tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, a tambayi shanu, a tambayi ruwa, a tambayi wanda ya mutu da wanda ya haihu. Sai can ƙarshe, kamar abin da ya tuna a kan hanya, ya ce, "'Yan kurmin nan fa?" Muna jiyo amsar daga wayar: "Suna nan, Yaya. Suna nan lafiya lau." Sai ya ce madalla, ya kashe, ya nemi abinci. Da wayoyi masu hoto suka zo ya ce a ɗauko masa su ya gani. Kawu Ƙarami ya ce gwiwa ta hana shi gangara kwarin, yaran kuma sun gwada, tsuntsayen ba sa tsayawa. Kawu ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ai ya sani, ba sa tsayawa kowa.

Za a ce me ya hana shi zuwa ya gani da idonsa. Ya je sau biyu da ƙuruciya, ya tarar da komai yadda ya bari. Daga nan rayuwa ta yi masa irin tata. Bana makarantar yaro, baɗi hutun bai isa ba, wata shekara hanya ba lafiya. Da mahaifiyar Inna ta rasu, ita ma 'yar ƙauyen ce, aiki bai sake shi ba, sai ta tafi ita kaɗai. Ina nan ranar da ta dawo. Ko takalmi ba ta cire ba, ya yi mata gaisuwar rashi a tsaye, sannan ya tambaye ta ko ta leƙa kurmi. Ta ce ta leƙa. Ya ce suna nan? Ta sunkuya tana kwance igiyar jaka ta ce suna nan. Ya ce to idan ya yi ritaya, tafiya ce ba dawowa. Ya yi ritayar, har an yi booking ɗin jirgi, sai ƙafafunsa suka kumbura. Likitoci suka ce wankin ƙoda, duk bayan kwana biyu, ba fashi. Aka yi cancel, aka fasa tafiya. Tun daga nan duniyarsa ta koma tsakanin kujerar falo da kujerar asibiti.

A nan na ga Kawu ya fara raguwa. Mutumin da ke cika falo da murya ya koma sai ka matsa kake jin abin da yake faɗa. Ya daina kushe tantabaru. Wayar Juma'a kaɗai bai daina ba, ko da hannun na rawa sai na riƙe masa. Kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa, da rana tsaka ina gyara masa matashi, ya kama hannuna. Ya ce Yaya yaron kirki ne amma ɗan nan ne, bai san abin da ake nufi da gida ba, Inna kuma mace ce mai kawaici, za a rinjaye ta. Ni ce mai bakin da ba a taka shi.

"Raina bai koma ba," ya ce. "Ki tabbata gawata ta koma. A bakin kurmi, ta sama, inda zan riƙa jin su."

Na ce na yi alkawari. Da zuciya ɗaya na faɗa, Allah ne shaida.

Ranar da ya cika, ko hawaye ban tsaya yi ba na kama waya. Wani malami da suke mutunci da Kawu ya ce mini abin da ya fi shi ne a gaggauta, a binne mutum inda ajali ya same shi, ƙasa duk ta Allah ce. Na ce na ji, Malam, amma ni aka riƙe wa hannu. Yaya ya ce duk abin da na yanke shi zai tsaya a kai. Sai na kira Kawu Ƙarami. Muka yi kuka tare, muka yi wa juna gaisuwa, sannan na ce masa a fara shiri, a nemi wuri a bakin kurmi ta sama, za mu kawo shi.



"'Yata," ya ce, "wane kurmi?"

Ya ba ni labarin a hankali, kamar mai tsoron kada wani ya ji. Masu yankan katako ne suka fara, suka kwashe manyan itatuwa. Wuta ta bi sauran, shekara bayan shekara, ta masu neman sabuwar ciyawa. Mutane suka yi yawa, aka raba kwarin gona-gona. Yanzu masara ce tun daga sama har ƙasa, sai layin itacen turare da aka dasa a iyaka. Rafin ma sai da damina yake tuna hanyarsa. Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce rabonsa da ganin tsuntsun nan tun kafin ya aurar da babbar 'yarsa, ita kuwa yanzu 'ya'yanta sun tasa. Na ce ko sun koma wani wuri? Ya ce ana cewa akwai sauran wani kurmi can nesa da ake gadi, watakila, shi dai bai je ba. Ni kuwa na riga na san ba sa gangarowa, kuma bisa dutse babu wani dutsen.

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce, Kawu, kowace Juma'a fa, da kunnena nake ji. Bai yi musu ba, bai kuma ji ya yi laifi ba.

"Mutum yana nesa, ana gaya masa irin wannan? Da yana da lafiya na ce bari ya zo ya gani da kansa. Da ya kwanta kuma, in ce masa me?"

Haka muke, na sani. Uwarka na gargara a gida za a ce maka tana jin jiki kaɗan. Gidanku ya rushe za a ce an ɗan yi ruwa. Ni kaina na sha cewa lafiya lau a waya ina share hawaye. Amma ban taɓa ganin wannan hali namu ya cinye rayuwar mutum ɗungurungum ba sai a kan Kawu. Da an gaya masa, watakila da ya yi baƙin cikinsa ya gama, ya dubi garin da yake zaune ya ce to, nan ne. Bai sayi gida a nan ba, bai yarda an sa sunansa cikin masu tanadin kabari ba, labule ma sai Inna ta yi da gaske ake canzawa, kullum cewa yake baƙo raɓa ne. Shekara da shekaru yana zaune a bakin kujera yana jiran komawa wurin da babu shi.

Na shiga ɗaki wajen Inna. Tana zaune a kan darduma, ta riga ta cire 'yan kunne da awarwaro ta shiga takaba. Na durƙusa, ina neman ta inda zan fara, don a zatona zan karya mata zuciya karo na biyu a rana ɗaya. Na ce, Inna, na yi magana da Kawu Ƙarami. Ta dube ni, sai na gane ta riga ta sani.

"Na tsaya a wurin da ƙafata," ta ce. "Har zangarniyar masara aka ba ni na gasa."

Na ce, "Inna, kika ce masa suna nan."

"Da asuba yake fita cikin sanyin nan ya tuƙa mota. Kina ganin don albashi yake tashi? In na karɓe masa wannan, me zan ba shi a madadinsa?"

Na ce mata to duk da haka alkawari alkawari ne, ƙasar dai tana nan, ƙasar ubansa ce, ko masara ce a kai sai a kai shi. Na ce ni ba zan iya haɗa ido da shi ranar gobe ƙiyama ba. Ta ci gaba da jan carbinta. Inna ba ta taɓa ɗaga murya a gidan nan ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Ku bar mini shi a nan," ta ce. "Idan kuka kai shi, zai gani."

Na san abin da malamai za su ce a kan wannan magana, ni ma na yi karatun islamiyya daidai gwargwado. Amma na tashi na fita falo na ce wa Yaya ya kira masu wanka.

Aka yi masa salla washegari bayan azahar, jama'a har waje. Maza suka raka shi, mu muka zauna da Inna. Da Yaya ya dawo, takalmansa duk jar laka, na tambaye shi yadda wurin yake. Ya ce fili ne shimfiɗaɗɗe, babu ko tudu, ana jin ƙarar motoci daga babban titi. Ya faɗa da Turanci, sannan ya shiga banɗaki ya daɗe bai fito ba.

Alkawarin yana wuyana, kuma ban san ranar da zai sauka ba. Allah Ya yafe mini, Ya yafe wa Inna da Kawu Ƙarami, don babu wanda ya yi da mugunta a cikinmu. Kawu kuma, Allah Ya yalwata masa makwanci, Ya sanyaya shi, Ya tashe shi a inuwar da ba a sarewa. Shi ya tafi da kurminsa cikakke, da rafinsa da tsuntsayensa, ko reshe ɗaya bai ragu ba. Mu aka bar wa gonar masara.